Aikin gwamnati ko sana'ar sola: amsa ga ƙanenmu mai son ajiye aiki

Assalamu alaikum. Tambayar da ƙanenmu ya yi daren jiya ta tsaya mini a rai, don na taɓa zama a kujerar da yake kai. Ga wanda bai gani ba: ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, mataki na 9, shekara 8 a bakin aiki, mata ɗaya da 'ya'ya uku, gidan haya. Ya koyi haɗa wutar sola wajen abokinsa, yana bin sa aiki Asabar da Lahadi, kuma a watan Afrilu abin da ya samu a aiki biyu kacal ya zarce albashinsa. Tambayarsa ita ce: ya ajiye aikin gwamnatin ne, ko ya haƙura?

Ƙanena, ni na bar aikin ofis bayan shekara 11 na koma sayar da kayan wuta, kuma ban yi nadama ba. Amma ba zan ce maka ka bi sahuna gobe ba. Bari in jera maka aikin da sana'ar gefe da gefe.

Mu fara da albashi, tunda shi ake kira tabbas. Tabbas ɗinsa a ranar zuwa ne, ba a abin da yake saya ba. A 2019 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000, dala tana wajen 360 a kasuwa, wato sama da dala 80 ke nan. A 2024 aka mayar da shi 70,000, amma dala ta haura 1,500, kuɗin bai kai dala 50 ba. A tsakani an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai har sama da 1,000. Kai ma ka sani, kafin 15 ga wata aljihu ya yi sanyi, an koma "wata ya yi nisa". Ƙarin girma kuma a matakinka sai bayan shekara 3, in an samu gurbi, kuma kuɗin ƙarin ya kan daɗe bai bi takarda ba. Mai sana'a kuwa idan kaya suka tashi shi ma yana ɗaga farashin aikinsa a ranar. Ma'aikaci sai ya jira ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki. A nan sana'a ta fi, babu musu.

To amma kuskuren da na gani a lissafinka shi ne watan da ka zaɓa. Afrilu ai shi ne kakar mai sola. Zafi ya kai maƙura, fanka ta zama dole, mai ƙanƙara da mai sayar da ruwan leda duk suna neman firiza da ba za ta mutu ba, balle idan azumi ya faɗo a lokacin. Sa'annan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane ma'auni, a Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu. Waɗannan duk sun turo mana masu saye. Amma ka auna Agusta, lokacin da kuɗin mutane ya tafi gona da taki, gari ya yi sanyi, hadari ya rufe rana. Ka auna Satumba, watan kuɗin makaranta. Ka auna tsakiyar hunturu da babu mai kunna fanka. A shekarata ta farko na yi mako 5 cur ban sayar da abin da ya fi ƙwan fitila da soket ba, ga mai gidan haya yana turo saƙo. Albashi bai san damina ko rani ba. Idan za ka gwada su da gaskiya, ka sa albashinka kusa da watan da ya fi muni a sana'ar, ba wanda ya fi kyau ba.

Akwai kuma abin da bin aboki bai nuna maka ba tukuna, wato asara. Yanzu shi ne mai aikin, kai hannu kake sawa a ba ka rabonka ka tafi gida ka yi barci. Ranar da ka zama mai gidan kanka, idan batir ya mutu bayan wata 4, wayarka za a kira. Na taɓa haɗa wa wani bawan Allah, na yi masa bayani sarai cewa kada a jona dutsen guga da hita. Aka jona, batura suka lalace, ya rantse shi kaya marasa kyau na ba shi. Don in tsira da sunana na canza masa biyu daga aljihuna, ribar aiki uku ta tafi. Kayan nan kuma, allon sola da inbata da batir, yawanci daga Sin ake shigo da su, farashinsu na bin dala. A Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko wajen 1,200. Wanda ya cika shago a Fabrairu ya ji a jikinsa. Ga bashi: a ce maka "ƙarasa aikin, Injiniya, ƙarshen wata zan cika maka", ƙarshen watan ya zama ƙarshen shekara. A ofis ba wanda zai cire maka kuɗin kwamfuta don ta lalace a hannunka.

Batun fansho ya fi yadda mutane ke zato sauƙi a wajenka, saboda kai na tarayya ne. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 daga albashinka gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka. Ko ka bar aiki kuɗin naka ne, ba ya ƙonewa. Idan ka yi wata 4 ba ka kama wani aikin albashi ba kana iya neman kashi 25 na abin da ya taru, sauran sai ka cika shekara 50. Abin da za ka rasa shi ne kashi 10 ɗin nan na kowane wata har tsawon shekara 27 da suka rage maka kafin ka cika 35 a aiki. 'Yan'uwa ma'aikatan jiha kada ku ɗauki wannan bayanin ku tafi da shi, jihohi irin su Kano da Jigawa tsarinsu daban ne, sai ku je ofishin fanshonku ku tambaya.

Abin da na fi jin zafin rabuwa da shi ba fansho ba ne, inshorar lafiya ce. Tana ɗauke da kai da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kashi 10 kawai kake biya na kuɗin magani. Ba ka sanin darajarta sai ranar da aka ce za a yi wa uwargida aiki a wajen haihuwa. Sannan sana'ar nan ta hawa kwano ce. Ma'aikaci ya kwanta ciwo wata guda, alat zai shigo. Mai sola ya zame daga tsani ya karye, shagon ma ya karye tare da shi. Ka haɗa da adashen ofis da bashin ƙungiyar ma'aikata da ake cirewa a hankali, duk za su yanke rana ɗaya.

Wasu sun ba ka shawarar ka riƙe biyun har abada. Ban goyi baya ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashen ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a tasa in ban da noma. Na san da yawa suna yi ana kawar da kai, amma ka san matsayinka. Kuma sana'a in ta fara girma ba ta jiran Asabar. Za a kira ka ranar Talata da ƙarfe 11, ka sa hannu a rajista ka sulale, ƙarshen wata ka karɓi albashin awannin da ba ka yi ba. Wannan kuɗin ba na so ka ciyar da 'ya'yanka da shi. Taura biyu ba ta taunuwa, dole wata rana ka tofar da ɗaya.

Sai dai ƙofofin biyu ba iri ɗaya ba ne. Sola tana nan baɗi, tana nan bayan shekara 5, matsalar wutarmu ba ta kusa ƙarewa ba. Aikin tarayya kuwa in ka fita, ka san yadda ake shan wuya kafin a samu takardar ɗaukar aiki. Shi ya sa ra'ayina: kada ka ajiye bana, amma ka sa wa kanka rana. Ka sayi littafi ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har kuɗin mai da na yaron da ke riƙe maka tsani, na wata 12 cif, damina da hunturu a ciki. Ka tara kuɗin cefane da haya da makaranta na aƙalla wata 6, daban da jari, kada su haɗu a asusu ɗaya. Hutunka na shekara ka kai shi wajen koyo na gaske, irin horon da NAPTIN, cibiyar horas da ma'aikatan wutar lantarki ta ƙasa, ke bayarwa, ka iya lissafin nauyin gida da girman waya da kanka, ba "haka maigida yake yi" ba. Ka kuma leƙa wajen manoman rani a Kura da Kadawa. Tunda mai ya yi tsada famfon ban ruwa mai amfani da rana ya samu kasuwa, kuma aikinsa yana zuwa ne daidai lokacin sanyi da aikin gidaje ke kwantawa.

Ka zaunar da mai ɗakinka ka nuna mata littafin, don ita za ta fara ganin tukunya a watan da babu. Ka sanar da su Baba kafin su ji a gari, ka yi istihara. Ranar da ka yanke, ka rubuta takardar ajiye aiki ka ba da sanarwar wata guda yadda ƙa'ida ta ce, ka miƙa kayan ofis, ka karɓi takardar amincewa ka adana. Za a neme ta ranar karɓar kuɗin fansho.

In ka shigo Sabon Gari ka kira ni, ka taho da abin da ka rubuta na watannin nan ko da kaɗan ne, mu zauna mu duba tare.