timeit ko cProfile: wanne zai nuna maka inda manhaja ke jan ƙafa?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta 'yar manhaja da harshen kwamfuta na Python don lissafin bashin taki na ƙungiyarku ta manoman shinkafa a Auyo, tun da sunaye suka yi yawa ta fara jan ƙafa, kana tambaya da timeit za ka auna ko da cProfile. Ni dai da cProfile zan fara.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Shi timeit ɗan guntun kod kake ba shi, ya yi ta maimaitawa, ya gaya maka daƙiƙa nawa ya ci. Idan ka kira timeit.timeit() ba ka faɗi adadi ba, sau 1,000,000 zai maimaita, don haka kada ka kuskura ka miƙa masa manhajar gaba ɗaya, sai ka yi la'asar ka yi magariba kana jira. Shi kuwa cProfile sau ɗaya yake tafiyar da manhajar, amma yana biye da ita da littafi, kamar malamin da ke zaune bakin injin casa yana rubuta buhun wa ya shiga da mintin da ya ɗauka. Tun Python 2.5 na 2006 yake ciki, ba sai ka ƙona data ka sauke komai ba.

Ka rubuta python -m cProfile -s cumtime bashi.py, ka sa sunan fayil ɗinka a ƙarshe. Abu uku za ka duba. ncalls shi ne sau nawa aka kira kowane fankshin, wato guntun kod mai suna da ke yin wani aiki. tottime lokacin da ya ci shi kaɗai, cumtime kuma lokacinsa haɗe da na duk waɗanda ya kira. Idan cumtime ya yi tsiri amma tottime ɗan kaɗan ne, to ba shi ne mai laifi ba, wani ne a ƙarƙashinsa, ka ci gaba da gangarawa.

Na taɓa yin kwana biyu ina gyaran lissafin kuɗi a irin wannan aiki, ina auna shi da timeit ina murna yana raguwa, amma manhajar tana nan jiya i yau. Da na kunna cProfile sai ga open, fankshin ɗin buɗe fayil, a ncalls da adadi daidai da yawan mutanen da ke rajista: ashe fayil nake buɗewa ina rufewa a kan kowane suna. Na bar jaki ina dukan taiki. timeit bai yi min ƙarya ba, abin da na nuna masa ya auna.

cProfile ma yana da nasa aibin. Rubutun da yake yi a kan kowane kira yana cin lokaci, saboda haka ƙananan fankshin da ake kira sau dubbai sukan fito kamar sun fi nauyinsu na gaskiya. Alƙalumansa na nuna wuri ne, ba na yanke hukunci tsakanin hanyoyi biyu ba. Nan ne timeit ke shigowa. A ce ka gano neman suna a cikin list, wato jerin abubuwa, ne matsalar (kuma ina kyautata zaton ita ce taka, don Python bin list yake ɗaya bayan ɗaya, alhali set da dict, wasu hanyoyin adana bayanai, kai tsaye suke zuwa), sai ka auna biyun da timeit.repeat, wanda ke yin zagaye 5. Ka ɗauki mafi ƙanƙantar sakamako, kar ka raba tsakiya, domin sauran yawanci wasu ayyukan kwamfutar ne suka tsoma baki.

In kuma jimillar lokaci kawai kake so, ka guji time.time(). Agogon bango ne, yana ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970. Laftof ɗinmu na gwanjo da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, da zarar ka jona intanet sai lokaci ya gyara kansa ana tsakiyar awo, ya yi tsalle gaba ko baya, har ka ga sakamakon da ba shi da kan gado. time.perf_counter(), da ya zo a Python 3.3 a 2012, ba ya komawa baya.

Sai yanayin da kake awon. Laftof a kan batir yakan rage gudu don ya yi tattalin caji, haka ma idan ya ɗau zafi, kuma ka san ranar Afrilu a ɗakin kwano. Awon da ka yi da safe a shagon caji kada ka haɗa shi da wanda ka yi da azahar batir na kan ja. Ka jona wuta, ka rufe Chrome, ka auna tsohon kod da sabon a zama ɗaya. Idan ka gama, ka turo layuka goma na saman cProfile mu duba tare.