Likitan dabbobin da ya ƙi sayar mini da allura

Ina da bijimai huɗu a turke a bayan gidanmu da ke Tudun Wada. Bana na ƙaro ɗaya daga kasuwar ƙauye, na ɗaure shi cikinsu a ranar. Kwana biyar tsakani sai na ga yawu na zuba daga bakinsa kamar zare, ya ƙi dusa, yana ɗingishi. Boru ne, ciwon baki da kofato.

Na garzaya wani shagon magungunan dabbobi a Samaru na ce a ba ni allurar da ta fi ƙarfi. Mai shagon likita ne, ya ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka, mu je in gani." Da ya buɗe bakin bijimin, fatar harshen ta saɓule, ƙasanta ja wur, ga gyambo a tsagin kofato. Ya ce ƙwayar bairos ce ke kawo shi, babu allurar da ke kashe ta. Allurar Oxytetracycline da muke ta ɗirka musu gyambon kawai take hana ruɓewa.

Ya sa na ware shi, da bokitinsa daban, ya hana yarana zirga-zirga tsakanin turaku, don takalmi ma na ɗaukar cutar. Muka riƙa wanke bakin da ruwan kanwa, muna fesa shuɗin magani a kofato, abinci kuwa dusa jiƙaƙƙiya da ɗanyar ciyawa mai laushi. Har tumakin uwargida ya duba, ya ce su ma suna kamuwa, jaki da doki ne ba ruwansu. Biyu daga sauran bijiman sun kamu duk da haka, amma cikin mako biyu suka koma cin abinci. Sun rame dai, abin ya taɓa ni ƙwarai.

Inda na ga gazawarsa, ba ya ajiye rigakafin. Ya ce sai an yi odarsa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma sanyi yake so, wutar lantarki ba ta tsayawa. Kiransa a waya ma sai an yi haƙuri, shi kaɗai ne a shagon.

Ni da maƙwabta uku mun haɗa kuɗi ya kawo mana rigakafin a kula cike da ƙanƙara, ya rubuta mini ranar maimaitawa bayan wata shida a bangon garka.