Dajin gwamnati da ake shiga da bindiga

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambaye ni ko na daina taɓa fatsa tunda na zo Amurka. Ban daina ba. Sai dai a nan Minesota su da farauta harkar takarda ce kafin ta zama harkar daji.

Kusa da inda nake zaune akwai gandun namun daji na gwamnatin tarayya a bakin kogin Minesota, wanda aka kafa a 1976, jiragen sama na tashi kusa da shi. Irinsa sun haura 500 a ƙasar, na farkonsu wani ɗan tsibiri ne a Fulorida da shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wa tsuntsaye a 1903. Da na fara zuwa na ɗauka kamar Yankari ne, inda in aka kama ka da bindiga sai kotu. Ashe a yawancinsu gwamnati da kanta ke buɗe wasu sassa ga maharba da masunta, ta faɗa maka wata da rana, da irin dabbar, da yawan da za ka ɗauka.

Lasin kuwa a gidan mai ma ana sayarwa, ko ka saya ta waya. A firijin shagon za ka ga lemo a gefe, tana da ƙananan kifin koto a wani gefen, an zuba su a roba da farashi a jiki. Tanar da muke tonowa a bakin fadama kyauta! Wanda aka haifa bayan 1979 ba a ba shi lasin harbi da bindiga a jihar nan sai ya yi kwas na kiyaye haɗari. Mai harbin agwagin ruwa da ya kai shekara 16 dole ya sayi wani kan sarki na dala 25, wanda aka fara tun 1934, kuma kusan duk kuɗin fadamu ake saya da su a ƙara wa gandun. Akwai kuma harajin kashi 11 cikin 100 a kan doguwar bindiga da harsashi, wanda tun 1937 yake komawa ga kula da dabbobin. Wato maharbi ne ke ciyar da dajin da yake harbi a ciki, shi ya sa barewa ta yi yawa har tana tare wa mota hanya.

Abin da zai ba ka mamaki, naman dajin ba na sayarwa ba ne, doka ta hana. Ka ci, ka ba maƙwabci, shi ke nan. Ba kiɗan gangi, ba taron samari da gora da karnuka. Mutum ɗaya ne zai sa riga mai ruwan lemo don kada ɗan'uwansa ya harbe shi, ya hau bishiya tun asuba a sanyin Nuwamba, ya yi tsit. Wani abokin aikina ya ba ni cinyar barewa, na karɓa na gode, amma na miƙa wa wani, don na san bai yi bisimilla ba.

Ni dai a ruwa na tsaya. Tarwadar kogin nan manya ne, wasu sun kai ƙaramin yaro, amma Turawan jihar sun fi damuwa da wani kifi da suke kira walai. Na ga mutum ya kama kifin da zai ishi gida guda, ya auna tsawonsa, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Na tuna masuntan Matan Fada a Argungu da homa da gora, na ce da sun gani sai sun riƙe baki.

In ka haɗa lasin da sanda da man mota, kifin kanti ya fi araha, wannan ba musu. Amma ranar Asabar zan koma. In mai zuwa ya samu, ka aiko min da yajin Inna, na nan ba ya ratsa tarwada.