Ƙamusun Suriyanci na Payne Smith da kalmar nan mai fuska biyu

Duk mai neman sanin yadda harshen Suriyanci, wani reshen harshen Aramiyawa da Kiristocin Gabas ta Tsakiya suka yi rubutu da shi, yake kiran Ba'aramiye zai amfana da ƙamusun da Jessie Payne Smith ta wallafa a Oxford a 1903, mai suna A Compendious Syriac Dictionary. Ta taƙaito shi ne daga Thesaurus Syriacus, babban aikin mahaifinta Robert Payne Smith wanda bayaninsa da Latin yake, ta kuma jera kalmomi bisa haruffa maimakon bin saiwa, abin da ya sauƙaƙa wa ɗalibi bincike ƙwarai.

Babbar fa'idarsa a wannan batu ita ce kula da wasali. Baƙaƙen kalmar iri ɗaya ne, amma ana karanta su ta hanya biyu, kamar yadda almajiri ya san fataha da ɗauri suna iya juya ma'ana a Larabci. Aramaya na nufin mutumin Aram, sunan da littafin Farawa ya bai wa ɗaya daga cikin 'ya'yan Shem, shi kuwa Armaya ya koma nufin mai bautar gumaka. Wannan ya sa Peshitta, fassarar Littafi Mai Tsarki ta Suriyanci, ta sanya kalmar Armaya a wuraren da Sabon Alkawari na Girkanci ya ce Bahelene, wato Bagirke, kamar Romawa 1:16 da Galatiyawa 3:28, alhali a Luka 4:27 baƙaƙen nan guda suna nuni ga Na'aman, mutumin Aram na ainihi. Da sunan ya ɗauki wannan nauyi, Kiristoci masu harshen suka fi kiran kansu Suryaye, ko da yake tsohon sunan ya ci gaba da rayuwa a Bet Aramaye, lardin da ke tsakiyar Iraƙi ta yau. Wanda ya karanta rubutu marar wasali ba tare da irin wannan jagora ba zai iya mayar da al'umma guda arna ba da saninsa ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar littafin.

Rauninsa shi ne taƙaitawar ta yar da yawancin madogarai, don haka ba ya nuna wane marubuci ya yi amfani da wace ma'ana, ko a wane ƙarni. Mai son bin tarihin sauyin sai ya haɗa da ƙamusun Suriyanci na Carl Brockelmann, wanda Michael Sokoloff ya fassara zuwa Turanci a 2009. Ana samun na Payne Smith kyauta a intanet, sai dai wajibi ne mai karatu ya fara koyon Serto, salon rubutun Suriyanci da aka buga ƙamusun da shi, da wasullansa kafin ya buɗe littafin.