Tafiya bakwai da motar manhaja a Kaduna: shida lafiya, ɗaya kuwa laifina ne

Jirgin ƙasan da na hawo daga tashar Idu ta Abuja ya tsaya a tashar Rigasa ta Kaduna gab da magariba. Tun kafin in gama sauko da akwatina maza kusan goma suka yi mini caa: "Hajiya, ina za ki? Kawo? Barnawa? Miƙo jakar!" Wani har ya riƙe hannun akwatin. Horon aiki na kwana huɗu ne ya kawo ni, masaukina a Unguwar Rimi, kuma rabona da Kaduna tun muna 'yan sakandare da aka kai mu ziyara Gidan Arewa. Ba ni da wanda zai zo ya tarbe ni. Mu kuwa mazauna Abuja, 'yan wan cans sun koya mana tsoron duk motar da ba mu san mai ita ba: ka shiga ka tarar da fasinjoji, ashe duk bakinsu ɗaya da direba. Sai na koma gefe kusa da jami'an tsaro, na buɗe manhajar kiran mota da na saba amfani da ita a gida.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi: motocin ba su kai na Abuja yawa ba. Na yi kusan minti ashirin kafin wani ya karɓa, ga duhu yana shigowa, ga mutanen jirgi suna ta watsewa. Rigasa can take a yammacin gari, a ƙaramar hukumar Igabi, kuma direbobin manhaja sun fi yin shawagi a tsakiyar birni. Daga baya wata abokiyar horo ta ce ita tun jirgi bai gama tsayawa ba take fara nema. Da na sani.

Wanda ya zo dattijo ne mai furfura, da carbi rataye a madubi. Kafin in shiga na zagaya bayan motar na karanta lambar, na haɗa da wadda waya ta nuna: haruffa da lambobin duk sun yi daidai, hoton fuskar ma shi ne. Lambobin Kaduna da yawa za ka ga DKA ko MKA a jiki, wato Doka da Makera. Kada kuma shuɗin rubutu ya ruɗe ka. Jan rubutu na motocin haya ne, amma yawancin masu aikin manhaja motocin gida suke fitowa da su, don haka launi ba shaida ba ne, daidaituwar lambar ce shaida. Ban fara kiran sunansa ba, na bar shi ya faɗi nawa. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, haka nake so fasinja ya yi. Duba ƙofar ma." Na buɗe ƙofar baya daga ciki na ga tana buɗuwa, ba a sa mata makullin yaran nan da ke gefen ƙofa ba. Na tura wa Yaya mahaɗin bibiyar tafiya, yana zaune a Kubwa yana kallon motar a taswira tana bi ta Bakin Ruwa, ta tsallaka titin baifas, har ƙofar masauki. Naira 5,200 waya ta ce, ita na biya. Baba bai nemi ƙarin ko sisi ba.

Tafiye-tafiyen safe zuwa wurin horo ba su da labari. Mota ta zo, na duba, na shiga, na sauka. Biyu daga ciki ba sa kunna sanyi sai ka yi magana, ɗaya kuma ya yi ta amsa waya yana tuƙi har sai da ya hango 'yan KASTLEA, jami'an kula da dokokin hanya na jihar, ya jefar da ita a cinya. Ranar da na leƙa Kasuwar Barci neman atamfa, keke na hau na dawo da shi bakin titi, don a cunkoson Tudun Wada mota ba ta da wani amfani. Da rana ne, mata biyu ne a ciki, jakata kuma na sa ta a tsakiya ba ta gefen titi ba.

Sau ɗaya na ƙi shiga. Waya ta nuna farar mota, sai ga baƙa ta tsaya, lamba daban. Saurayin ya ce tasa tana wurin bakanike, wannan ta ƙaninsa ce. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Na ce ya yi haƙuri, na soke. Ya yi tsaki ya ja motarsa.

Ta daren kwana na uku ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Na je Barnawa gaishe da mahaifiyar wata ƙawata, hira ta yi daɗi, aka tsare ni da tuwon shinkafa, ban fito ba sai bayan isha'i. Direban ya zo, komai ya yi daidai. Ina zama ya juyo ya ce, "Hajiya, don Allah ki soke tafiyar a waya, ki ba ni a hannu. Zan rage miki ɗari biyar. Kamfani yana cire kasonsa, ga mai ya yi tsada, ba ma samun komai." Ban ce ƙarya yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk direban da ka zauna da shi kukan ke nan. Tausayi ya kama ni, ga gajiya, ga kunyar a ce na yi wa mai neman halal rowa. Na danna sokewa.

Muna tashi na gane abin da na yi. Taswirar da Yaya yake kallo ta mutu. A wurin kamfani, ni ban taɓa shiga motar nan ba. Maɓallin neman agaji da ke cikin manhajar tare da tafiyar ya tafi. Duk kariyar da nake taƙama da ita ashe rubutu ne kawai da ke cewa wance tana motar wane a wuri kaza, ni kuma na goge shi da yatsana a kan naira ɗari biyar.

Da zuwa ta sabuwar gadar Kabala aka bi da ni, sai ga shi wannan ya nufi wata hanya daban. Na tambaya, ya ce ta shatale-talen Tashar Jirgi zai bi. Mutumin gari ya san hanya ce sananniya, tsohuwar gada ce da ke fitar da kai wajen filin wasa na Ahmadu Bello, amma baƙo makaho ne ko da idonsa. Muna isa shatale-talen ya rage gudu ya faka, wani ƙato ya buɗe ƙofar gaba ya shigo. Cikina ya ɗuri ruwa.

"Malam, wane ne wannan?"

"Abokina ne, Hajiya, gaba kaɗan zai sauka."

"To ni a nan zan sauka."

Na riga na buɗe ƙofa, ƙafata ɗaya a waje, kusa da mai shayi da fitilarsa. Ganin da gaske nake, ya ce wa abokin ya nemi keke. Mutumin ya fita yana gunaguni. Na koma na zauna, na kira Yaya a bayyane yadda direba zai ji: na karanta masa lambar motar, na faɗi inda muke, na tura masa wurina kai tsaye ta WhatsApp, ga 112, lambar kiran agajin gaggawa, a shirye a allon waya. Har muka isa Unguwar Rimi babu wanda ya ƙara cewa uffan. Ya sauke ni lafiya, har da "Allah ya huci zuciyarki." Mai yiwuwa abokin nasa ne da gaske, mai neman a rage masa hanya. Sai dai da ba haka ba ne, ban bar wa kowa bakin zaren da zai bi ba.

Washegari na so in kai ƙorafi, sai na tarar babu inda zan rubuta shi, tunda tafiyar sokakkiya ce. A nan kam ina ganin kamfanin da sauran aiki: in direba da fasinja suka haɗu a wuri guda sannan aka soke, ya kamata ko tambaya ce a turo.

In taurari biyar ake bayarwa, ni huɗu zan ba su a cikin gari da rana, uku a Rigasa da kuma bayan isha'i saboda jira. Ranar komawa na kira mota awa biyu kafin lokacin jirgi. Wannan ma, muna fita layin masauki ya fara: "Hajiya, da za ki taimaka ki soke…" Na ce a'a, a bar ta a waya, in mun isa zan ƙara masa ɗari biyar daga aljihuna. Ya ce ya yarda. A bakin tasha na miƙa masa, ya sauko mini da akwatin har wurin masu duba tikiti.