Ma'aunin ruwan sama na roba da na saya a Katsina, bayan damina biyu

Tun ina ɗan shekara tara nake bin kakana gona a bayan garin Daura, muna duban gabas. In hadari ya haɗo, iska ta tsaya cak, sai ya ce, "Jikana, ruga gida a kwashe shanya." Shi da hannu yake awo. Washegari ya tona ƙasa, in laima ta kai tsawon tafin hannu, ruwan shuka ya samu. Ni kuwa sai da na yi ritaya daga koyarwa na mallaki ma'auni, daga wani shagon kayan noma a babbar kasuwar Katsina.

Bututun roba ne garai-garai, da mazurari a ka, an zana masa layuka har milimita 35. Milimita 1 na nufin lita guda ta sauka a kowane murabba'in mita. Na ɗaure shi a turke a tsakar fili, nesa da darbejiya, don ƙa'ida ita ce tazarar ta ninka tsayin bishiya ko katanga sau biyu. Gari na wayewa nake karantawa in rubuta, kafin rana ta shanye ruwan.

A watan Yunin bara ya biya kuɗinsa. Aka yi ruwa da tsawa da rugugi, maƙwabta suka fito da sungumi, ma'auni kuwa ya tsaya a milimita 7. Masana yanayi kan jira kamar milimita 20 cikin kwana biyu ko uku kafin su ce damina ta zauna. Na ce wa ƙanena, "Kai, riƙe irinka tukuna." Kwana 12 ba ɗigo. Waɗanda suka shuka gero sai da suka sake.

Amma ma'aunin ya yi ƙanƙanta. Wani dare a Agusta, watan da ruwanmu ya fi yawa, ya cika ya tumbatsa. Ruwan da na fi son sanin adadinsa a duk shekarar, shi na rasa, kuma har yau gurbin nan a littafina yana damuna. Lambobin ma fenti ne, rana ta cinye su, sai da na bi layukan da ƙusa na karce. Da hunturu a cire shi a kai ɗaki, in ba haka ba ƙura ta dusashe robar.

Mai niyyar saya ya nemi wanda ke ɗaukar milimita 100, mai lambobi a jikin robar. Na riga na ba mai shagon sautu kafin ruwan fari.