Takalmi da tufafin Turawan da: wanne za ka saya don wasan tarihi?

Kowace shekara a watan Yuli, garin Tewkesbury na Ingila yakan cika da mutane sanye da sulke da rigunan ulu, suna kwaikwayon yaƙin da aka gwabza a wurin a 1471. A Oktoba kuma akan yi irinsa don tunawa da yaƙin Hastings na 1066. In kana son shiga sahu, ko kana haɗa kayan fim, fara da tsayar da shekara, domin tsakanin yaƙe-yaƙen nan biyu akwai shekara 405, kuma ɗinki ya sauya ƙwarai. In ka tsayar, sai ka fara kashe kuɗinka a ƙafa.

Takalmin wancan zamani a baibai ake ɗinka shi. Baduku yakan haɗa sama da tafi ta ciki, ya jiƙa fatar, sannan ya juya shi, ɗinkin ya ɓuya. Ba shi da tudun dunduniya, tafinsa falle ɗaya ne. Haka aka samu waɗanda aka tono a Coppergate ta birnin York tsakanin 1976 da 1981, haka kuma na bakin kogin Thames a Landan.

Takalman da za ka samu a kasuwa iri uku ne. Mafi araha shi ne mai tafin roba da aka manna da gam. Daga nesa yana da kyan gani, amma ƙungiyoyin da ke tsananta bin tarihi ba sa yarda da shi a filin wasa. Na tsakiya fata ne na gaske, ɗinkin keke, wani lokaci da ƙarin tafi mai kauri. Ya dace da mai fim ko wanda zai yini a kan kwalta. Ni dai na ukun nake so, ɗinkin hannu da basilla da zaren lilin mai kakin zuma. Ranar da na fara taka shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kowace tsakuwa sai da na ji ta, kuma dole na rage faɗin takuna saboda santsi. A nan na gane abin da ya sa mutanen ƙarni na 14 da na 15 suke ɗaura wani tafin katako a ƙasa in za su ratsa taɓo. Ka haɗa da shi cikin lissafinka.

Ka tambayi yadda aka jeme fatar. Jimar sinadarin kurom sai a ƙarni na 19 ta fito, kuma ana gane ta a bakin yanka: tsakiyar fatar takan yi toka-toka mai ratsin shuɗi. Wadda aka jeme da ɓawon itace ruwan ƙasa ce har ciki. A nan muna da sa'a, don jimar bagaruwa da majemanmu na Kano da Sakkwato suke yi ita ma ta tsiro ce, kuma fatar akuya ta yi daidai da saman takalmi. Tafi dai sai kirgin saniya.

Kada dogon tsini ya ruɗe ka. Takalman nan masu baki kamar ƙaho, waɗanda ake cusa wa gansakuka don su miƙe, na masu hali ne. A 1463, zamanin Sarki Edward na Huɗu, doka ta hana duk wanda bai kai matsayin manyan masu sarauta ba sa tsinin da ya wuce inci biyu. In maharbi ko manomi za ka fito, ɗan gajere ya ishe ka.

Tufafi kuwa, lilin a ciki, ulu a waje. Auduga ba ta wadata a arewacin Turai ba a lokacin. In mai shago ya ce ulu ne zalla, zare sili guda ka kusanta shi da ashana: ulu yakan yi ƙaurin gashi ya murmushe, yadin roba kuwa ya narke ya dunƙule. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwana kusa da wutar sansani. A launi ka nemi ja mai sanyi, rawaya, ko shuɗi irin na marina, domin ganyen da Turawa suke rini da shi sinadarin launinsa ɗaya ne da na baba.

In kuɗi bai kai ɗinkin hannu gaba ɗaya ba, a bi ciki da keke, a gama wuya da bakin hannu da ramukan igiya da allura. Nan ne ido yake sauka.